Ƙararrawar Ɗakin Masu Jego

Mota ɗaya tal ofishin 'yan kwana-kwana na Birnin Kudu yake da ita, ita ɗin ma ba yarinya ba ce. Idan aka cika ta da ruwa ta hau titi, nishi take yi kamar mai tsohon ciki. Ita ake jira idan wuta ta tashi a cikin gari, ita ake jira a ƙauyuka, har Gwaram da abin da ke bayanta. Munzali, shugaban ofishin, ya fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Duk inda motar ta nufa, sauran wurare an bar su ga Allah ke nan.

Ana nan sai Alhaji Hadi ya gina asibitin haihuwa a Gwaram. Ɗan kasuwa ne, ƙafa ɗaya a Gwaram ɗaya a Kano. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu, amma irin mutanen nan ne da in suka ga sabon abu a wani wuri, hankalinsu ba ya kwanciya sai sun kwaso shi gida. Ya sa aka liƙa wasu fararen na'urori masu shaƙar hayaƙi a silin kowane ɗaki. Da sun shaƙa sai ƙararrawa ta ɗauka, sannan wani akwati da ke ofis ya buga wayar 'yan kwana-kwana da kansa, muryar wata mata ta faɗi sunan asibitin ta ce gobara. Ba ta gaisuwa, ba ta amsa tambaya. Ranar da aka gwada abin, Munzali da bakinsa ya yaba. Daga baya in ya tuna wannan yabon, ji yake kamar ya sharara wa kansa mari.

Dalili kuwa, wanda ya ƙera na'urar bai taɓa jin labarin turaren wuta ba. Mace ta haihu, kakarta ko gwaggonta ta taso tun daga Zandam ko Farin Dutse da ƙullin turare a haɓar zani, sannan ka ce ba za ta turara ɗaki ba? Ai ko likita bai isa ba. An rubuta a bango, an faɗa da baki, an ƙwace kasake, washegari wasu sun shigo a ƙarƙashin hijabi. Garwashi kuwa ba abin nema ba ne, ga mai tsire nan a bakin ƙofa.

Ƙa'idar aiki ita ce in kira ya shigo sai an fita. Sau shida cikin wata biyu suna kwasar tafiyar kusan awa guda da jiniya, su isa Gwaram cikin gumi, su tarar da ɗaki yana ƙamshin sandal, wata tsohuwa tana yi musu sannu da zuwa. Akwai wadda har ta miƙa musu kunun kanwa. Jonah direba ya karɓa ya sha, don shi mutum ne da ba ya barin ɓacin rai ya shiga tsakaninsa da cikinsa. Munzali kuwa ko kallon kofin bai yi ba.

A karo na bakwai ne abin da yake tsoro ya faru. Sun wuce garin Sara a hanyar Gwaram ke nan aka kira shi daga gida, wai wuta ta kama layin 'yan katako a Birnin Kudu. Ya tsaya a gefen titi da waya a kunne, gaba kira, baya kira. Ya buga wa asibitin, aka ce masa ai turare ne, an ma kashe. Suka juya. Kafin su iso rumfuna huɗu sun zama toka, mutanen unguwa sun gama aikin da bokitai. Ba wanda ya tambaye su daga ina suke. Ihu aka yi musu, wani ya ce sun zo cin gawayi ne, wani ya jefo dutse ya tsaga gilashin motar ta ɓangaren Jonah. Wani dattijon kafinta, wanda Munzali ya sani tun yana yaro, bai yi ihu ba. Kallonsa kawai ya yi ya ce, "Munzali, ina kuka je?" Wannan tambayar ta fi dutsen zafi, kuma ba shi da amsar da za ta shiga kunnen mutumin da injinsa ya narke.

Washegari ya hau babur ya tafi Gwaram. Ya sami Alhaji Hadi a ofishin asibitin tare da Sista Eunice, babbar ma'aikaciyar jinya, wadda ta yi shekaru a garin har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Bayan gaisuwa bai yi wani kwana-kwana ba.

"Alhaji, akwatin nan naka zai sa a kashe mu. Ina roƙon a raba shi da wayarmu. Ƙararrawa ta yi kukanta a nan, mutum mai ido da hanci ya je ya duba. In wuta ce ya kira mu, wallahi ko ina cin abinci zan ajiye. In turare ne ya kira ya ce turare ne, mota ta zauna inda take."

Alhaji ya ɓata fuska. "Malam Munzali, ai don a huta da dogaro da mutum na kawo na'ura. Mutum yana mantuwa, yana gyangyaɗi."

"Na'urarka ba ta gyangyaɗi, amma ba ta san bambancin sandal da katifa ba. Jiya rumfuna huɗu suka tafi muna kan hanyar zuwa shaƙar ƙamshi."

An daɗe ana ja. Alhaji ya kawo maganar jarirai, Munzali ya kawo maganar gari guda da ake bari ba mota. Daga ƙarshe Alhaji ya sauko, amma da sharaɗi. In aka sami matsala ko sau ɗaya, akwati zai koma yadda yake, kuma ba ya son jin wata magana. Munzali ya ce ya yarda. Aka zo kan wanda za a ɗora wa aikin, Alhaji ya ce ai ga Malam Haladu mai gadi, ba ya ƙarya, ba ya barin bakin ƙofa sai salla. Sista Eunice ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai aka leƙo aka ce mata wata tana kan gwiwa, ta fita da sauri.

Malam Haladu dattijo ne mai farin gemu, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube. Munzali ya ja shi tsakar asibitin ya koya masa aikin a jikin ƙofar sito. Yadda zai duba allon na'urar ya ga wane ɗaki ne, yadda zai taɓa ƙofa da bayan hannu, yadda zai zare ƙusar tukunyar kashe wuta.

"Baba, minti uku kake da shi. Ka je, ka gani da idonka, ka kira ni. Ba ji nake so ba, gani nake so."

"In Allah ya yarda, Yallaɓai."

Wata guda cur Munzali ya sha iska. Kira goma sha ɗaya ya samu daga Gwaram, dukkansu da muryar Malam Haladu, duk magana ɗaya: ta yi kuka, amma lafiya, turare ne. A cikin watan suka kashe wutar wani injin niƙa tun ba ta kai rufi ba, suka ciro akuya daga rijiya, har mutane suka fara ɗaga musu hannu a titi. Munzali ya soma tunanin rubuta wa manyansa a Dutse, a bi wannan tsari a ko'ina. Har ya fara tsara takardar a ransa, da sunansa a ƙasa. Ɗan Adam ke nan, wata ɗaya na kwanciyar hankali ya ishe shi ya ɗauka ya gama da duniya.

Ranar da abin ya warware ranar kasuwa ce, bayan azahar, ana zafin bazara irin wanda ko ƙadangare ke neman inuwa. Wayar ta yi ƙara.

"Yallaɓai, Haladu ne. Ta yi kuka, amma lafiya. Turare ne."

Munzali ya ce to, har zai ajiye, sai ya lura da wani abu. Sauran ranaku kafin tsohon ya kira, ƙararrawar ta riga ta yi shiru. Yau kuwa yana jin ta a bayansa tana tsala ihu ba ƙaƙƙautawa.

"Baba, me ya sa har yanzu take kuka?"

"To, wataƙila turaren ne da yawa."

"Wane ɗaki ne?"

"Na masu jego."

"Ka gani da idonka?"

Sai kukan ƙararrawa.

"Baba Haladu, magana nake. Ka ga kaskon da idonka?"

"An ce lafiya, Yallaɓai."

"Wa ya ce?"

"Na ciki."

"Kai kana ina?"

"Ina bakin labule."

Munzali ya miƙe tsaye, kujerarsa ta faɗi. "Ɗaga labulen ka shiga. Yanzu, ina kan layi."

Tsohon ya yi gyaran murya, ya rage sauti kamar mai faɗin abin kunya. "Yallaɓai, iyalin yaron nan na wajena tana ciki. Jiya ta sauka. Surukata ce, ka gane ai. Ina ni ina shiga?"

"To sauran ranakun fa? Sauran kira goma sha ɗaya?"

"Ai ɗakin matan mutane ne, kuma masu jego, wata tana shayarwa, wata ba ta kintsa ba. Nakan yi sallama in tambaya ko lafiya. Ba su taɓa yi mini ƙarya ba."

 Wato wata guda Munzali yana barin mota a gida bisa maganar da aka jefo ta bayan labule. Kuma wace mace ce a ƙasar nan dattijo zai tsaya a bakin ƙofa ya ce lafiya, ta ce masa ba lafiya ba? Ya katse, ya buga wa Sista Eunice. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake, haka. Ya buga wa Alhaji, aka ce wayar a kashe take.

Ya fito bakin ofis ya dubi gari. Kasuwa ta cika maƙil, masu suya sun hura wuta, janareto na ta ruri, ga masu sayar da fetur a galan sun jeru a bakin titi. In ya tafi Gwaram, awa biyu ke nan gari ba mota, kuma shi da kansa ya karya tsarin da ya yi ta kumfar baki a kansa. In ya zauna, akwai ɗaki mai gado takwas da jarirai a kai, kuma ba wanda ya leƙa. Ya tsani Alhaji, ya tsani akwatin, ya tsani turare da wanda ya fara haɗa shi.

"Jonah! Tayar da mota."

"Ina muka nufa, Oga?"

"Gwaram."

Jonah ya dube shi, ya ga fuskar ba ta tambaya ba ce, ya murza makulli.

Sun kusa Sara Malam Haladu ya sake kira, muryarsa har da ɗan farin ciki, ya ce ta yi shiru, alhamdu lillahi. Jonah ya sassauta ƙafa.

"Oga, mu juya? Kasuwa fa."

"Ya shiga ne da zai san dalilin shirun? Taka mota."

 Duk wayar da ta yi motsi a aljihun ma'aikatan da ke baya, sai Munzali ya waiga, yana jiran a ce masa Birnin Kudu ce.

Da suka iso babu hayaƙi a saman ginin. Mai tsire yana nan yana fifita wutarsa, Malam Haladu ya wangale musu ƙofa yana sannu da zuwa. Munzali ya ji kamar ya fashe. Karo na takwas ke nan. Amma ya fizgi tukunyar kashe wuta ya shiga da gudu, don a ce dai an duba. Yana shiga barandar hancinsa ya gaya masa wani labari daban. Akwai sandal, amma a ƙarƙashinsa akwai ƙaurin soson katifa, wanda duk ɗan kwana-kwana ya sani ko a mafarki. Ruwa baƙi yana gangarowa daga ƙarƙashin labulen ɗakin masu jego.

Ya iso bakin labulen ya ja birki.

"Salamu alaikum."

Aka amsa daga ciki, aka ce a ɗan dakata. Ya ji motsin mata, ana neman mayafi, ana jan zani, wata tana cewa miƙo mini hijabina. Yana tsaye da tukunya a hannu, ruwan yana wanke masa takalmi. Can aka ce, "To, bismilla." Sannan ya ɗaga labulen.

Gadon da ke kusa da taga rabin katifarsa ya cinye, ya koma baƙin rami. Labulen tagar babu shi, sai zoben ƙarfe a rataye. Bangon ya yi baƙi har sili, fenti ya kumbura. Bokitan ruwan wankan jego uku suna kife a ƙasa. Matan sun taru a ɗaya ɓangaren, kowacce da jaririnta a ƙirji, idanu jajur saboda hayaƙi. A bakin wani gado wata tsohuwa na zaune, hannunta na dama a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, Sista Eunice tana durƙushe tana warware shi a hankali.

"Gadon wa ne wannan?" in ji Munzali.

"Na Zulfa, surukar Malam Haladu," in ji Sista, ba ta ɗago ba. "Wannan kakarta ce, Inna Indo. Tambaye ta, ni na gaji."

Ba sai an matsa mata ba. Ta ce ita dai ta ɗan turara wa jikarta wuri ne, sai ta ji takun takalmi ta ɗauka Sista ce, ta tura kaskon ƙarƙashin gado. Zanin gadon da ya sauko ya kama, kafin a ankara katifa ta ɗauka. Zulfa ta suri yaro, sauran suka yi kan bokitai, ita kuma ta shiga dukan wutar da hannu.

"Inna, lokacin da Malam Haladu ya yi sallama, wutar tana ci?"

"Tana ci mana. Ai a lokacin ta kama labulen taga."

"Kuma kika ce masa lafiya?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar da ba ta hankali ba. "To me zan ce masa, ɗan nan? Ya faɗo ya tarar da matar ɗansa ba ɗankwali, zani a gwiwa? Da wane ido za su sake duban juna? Ai mun kashe abarmu."

Munzali ya dubi ramin katifar, ya dubi inda matashin jaririn yake. Tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Yana da maganganu cike da baki, amma tsohuwar ta isa ta haifi uwarsa, ga kuma fatar hannunta ta saɓule. Ya haɗiye, ya sa yaransa suka fitar da katifar waje, suka buɗe silin suka duba ko wuta ta ɓuya a ciki.

Suna cikin haka wayar Sista ta yi ƙara. Alhaji Hadi ne daga Kano, labari ya riga ya kai masa. Ta miƙa wa Munzali.

"Malam Munzali, ka tuna sharaɗinmu."

"Na tuna, Alhaji. Amma tsarin ba shi da laifi, mutumin ne ba mu zaɓa daidai ba. A ba mace aikin. Mace za ta shiga kai tsaye."

Sista Eunice ta ɗago. "Wace macen, Oga? Mu biyu ne a kan aiki. Lokacin da abin nan yake ihu, kan jariri ne a hannuna, ɗayar tana riƙe da uwar. In saki in tafi duba kasko? Abin da na so in faɗa muku ke nan tun ranar."

Alhaji ya ji ta ta cikin wayar. Ya ce shi ba zai ɗauki wata ma'aikaciya don zaman jiran ƙararrawa ba alhali ga na'ura da ke yin aikin. Gobe da safe mai gyara zai zo ya mayar da akwatin kan wayar 'yan kwana-kwana. Munzali ya buɗe baki zai kawo maganar 'yan katako, idonsa ya sake faɗawa kan baƙin bangon. Ya ce, "To, Alhaji," ya miƙa wayar.

Ya fito yana huci, yana neman inda zai sauke abin da ke cinsa. Malam Haladu yana tsaye a ƙarshen barandar, ya cire hula ya riƙe a hannu, idonsa a kan katifar da aka yar a tsakar gida. Ashe sai yanzu ya san abin da ya faru a bayan labulen.

"Baba, wata guda!" in ji Munzali. "Wata guda kana ce mini lafiya. Na ce maka gani nake so, ka ce in Allah ya yarda. Jikanka ne fa a kan gadon nan. Labule, Baba, ƙyalle! Me zai hana ka ɗaga ƙyalle?"

Tsohon bai kare kansa ba. Hawaye ne ma suka taru masa. Ya juya hular a hannunsa, ya yi magana a hankali kamar kullum.

"Na yi kuskure, Yallaɓai, Allah ya kiyaye gaba. Amma ɗazu ina nan tsaye. Na ga ka shigo da gudu da tukunyarka, ka ji ƙauri, ka ga ruwa a ƙasa. Na ji ka yi sallama. Sai da aka ce ka shigo."

Ba da gatse ya faɗa ba, shi ya sa ta fi ciwo.  Kunya da haushi suka haɗu suka rufe Munzali. Ya ajiye tukunyar a gefen tsohon, ya wuce.

Suka kama hanyar gida da tankinsu cike, ko ɗigo ba su zubar ba. Rana ta yi sanyi, motocin 'yan kasuwa sun fara dawowa da kaya a kai. Sai da suka yi nisa Jonah ya yi ƙarfin halin magana.

"Oga, to daga gobe in akwatin ya kira fa?"

Munzali yana kallon titi ta tsagaggen gilashin.

"Sai mu zo mana," ya ce. "Taka mota, an bar gari ba kowa."